Kafin A Sayi Sabuwar Sensa

Sharhinmu na yau kan tsofaffin motocin shiga daji ne, irin su Land Cruiser da Hilux da Pajero da Pathfinder, waɗanda suka haura shekara ashirin a duniya amma har gobe su ne ke kai ma'aikacin lafiya ƙauyen da kwalta ba ta je ba, su ne ke fito da amfanin gona ta cikin taɓo, su ne ke ratsa yashi tsakanin Agadas da Dirku. Mota irin wannan idan ta fara ciwo, yawanci ta ɗayan wurare biyu yake ɓullowa. Ko dai ta na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwar inji rahoto, waɗanda ake kira sensa, ko kuma ta ƙarafan da ke ɗaukar ƙarfin injin su kai wa tayoyi, tun daga giyabos da ogzilari har zuwa farfela da aksul. A duka biyun akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato gyaran canki-canka. A canja wannan a gani, in bai yi ba a canja wancan. Mai mota yana ta biya, mota tana nan jiya i yau.

Bari mu fara da ɓangaren lantarki, tunda shi ya fi rikita mutane. Akwai injin da ba ruwansa da wannan magana. Injin dizal ɗin nan na Toyota mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990, famfon mansa ƙarfe ne zalla. Waya guda ce take zuwa masa, ita ma aikinta buɗe hanyar mai da rufe ta. Ba banza ba direbobin hamada suka riƙe shi hannu bibbiyu. Amma da yawa daga manyan motocin da suka shigo mana ta Kwatano da Legas masu shan fetur ne, kuma tun a shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara jingine kafireta, suna sa nozul da ƙwaƙwalwa, wadda 'yan gareji ke ce wa birenbos.

Ita wannan ƙwaƙwalwa ba ta ganin inji. Kamar basarake ce da ba ya fita daga zaure, abin da 'yan aike suka kawo masa da shi yake yanke hukunci. Wannan ya ce iskar da ta shiga kaza ce, wancan ya ce zafin ruwa ya kai kaza, wani ya ce direba ya taka totur zuwa wuri kaza, wani ya ce inji na juyawa da sauri kaza, na ƙarshe ya sansano hayaƙin salansa ya ce mai ya ƙone daidai ko bai ƙone ba. Da waɗannan rahotanni take lissafa lokacin da filogi zai ba da wuta da yawan man da za ta fesa, tana neman kowane awo ɗaya na fetur ya sami awo 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. Idan ɗan aike ya yi ƙarya, hukunci zai karkace. Idan an tare shi a hanya bai iso ba, nan ma haka. Kuma daga cikin zaure ba a iya bambance wanda ya mutu da wanda aka tare.

A nan ne maganar "kwamfuta ta ce" take shigowa. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wani soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD na biyu. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Yau na'urar karanta wannan soket ta yi arha, har akwai wadda ake haɗawa da wayar salula, kuma wannan ci gaba ne, babu musu. Wajen fassara lambobin da take nunawa ake yin ɓarna. Ɗauki lambar P0335. Abin da take cewa shi ne an sami tangarɗa a da'irar sensar karanshaf. Da'irar kuwa ta haɗa da ita sensar, da soket ɗinta, da wayar da ta taso daga can har ƙwaƙwalwa, da ƙarfen nan mai haƙora da take karantawa. To a motar da ta shekara ashirin da biyar tana shan zafi da ƙura da gargada, robar waya ta bushe tana marmashewa, ɓera ya kwana a kan inji ya yi abin da ya saba, bakin soket ya yi kore saboda wankin inji da ruwan matsi, me zai sa sensa ta zama ta farko a jerin waɗanda ake tuhuma?

Abin da ke raba gardama ƙaramar mita ce ta awon wuta, wadda kuɗinta bai kai na sensa ɗaya ta kirki ba. Da yawa daga sensa masu waya uku, waya ɗaya tana kawo musu wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta at ce, ta ukun ita ke mai da rahoto. Idan aka zare soket aka murɗa makulli ba a ga bolt biyar ɗin nan ba, ko sensa goma aka saya ba za su yi magana ba. Kafin ma a kai nan, a auna batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, idan inji ya tashi kuma altaneta ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni, ko wayar at da ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a jikin inji, suna iya sa ƙwaƙwalwa ta zubo lambobi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna. Duk lokacin da na'ura ta ce sensa da yawa sun lalace rana ɗaya, a nemi abin da ya haɗa su, domin ba annoba ba ce ta faɗa musu. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ko sisi: a bar inji yana silo, a bi dam ɗin wayoyi ana girgiza su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Inda aka taɓa inji ya yi tari, a tsaya a nan.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana duba wata Land Cruiser samfurin 80, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin fetur na lita 4.5, 'yar Amurka. Kukan mai ita shi ne a tsaye lafiya lau take silo, amma da ya sa giya ya taka sai ta shaƙe. Yaron gareji ya jona na'ura, ya ɗago kai ya ce, "Oga, sensar iska ce." Ogan nasa, wani dattijon rewaya, ya ce, "Karanto min lambar." Yaro ya ce P0171. Ya ce, "To wannan cewa ta yi iska ta fi mai yawa. A ina ta ambaci sensa?" Sai ya juya wajen mai motar. "Alhaji, shiga ka danne burki da kyau, ka sa mata giya, ka ɗan taɓa totur." Shi kuma ya koma gefe ya zuba ido kan baƙar robar nan mai ƙwarya-ƙwarya da ke ɗauko iska daga tukunyar filta zuwa bakin inji. Da injin ya yunƙura ya ɗan karkata a kan kujerunsa, sai ga wata tsaga ta buɗe baki a cikin lanƙwasar robar, can daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Alhaji ya saki totur, tsaga ta rufe ruf. Iskar da ke kutsawa ta wannan kafa ta bayan sensa take bi, ba a lissafa da ita ba, shi ya sa man da ake fesawa ba ya isa. Roba aka canja. Da an bi ta yaro, da an sayo sensa mai tsada an maƙala ta a bakin robar da ta yage.

Ita kanta sensar iska, irin mai siririyar waya mai zafi a ciki, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta, musamman idan filta ta huje saboda yawan busa ta da iskar kwamfuresa. Ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga. Akwai maganin feshi da aka yi don wanke ta. Ba a sa mata tsinke, ba a goga mata tsumma, kuma a bari ta bushe kafin a mayar.

Akwai wani ciwo da ke zuwa da zafi, wanda ya sa an canja famfunan mai masu lafiya ba adadi. Mota ta tashi da safe garau, a yi tafiyar rabin sa'a, sai ta mutu ɗif kamar an zare makulli. A yi kik, inji na juyawa amma ba ya kamawa. A zauna gindin bishiya ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau da yawa wannan aikin sensar karanshaf ne. A cikinta akwai siririyar waya da aka naɗa, idan ta tsufa zafi yakan buɗa ta ta katse, sanyi ya mai da ita. Jeep Cherokee, irin wadda aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, ta yi suna da wannan, kuma tata sensar tana can saman ƙwaryar da ta haɗa inji da giyabos, inda hannu ke shan wuya kafin ya kai. Yadda za a gane shi ne a yi gwaji a daidai lokacin da motar ta ƙi tashi, tun tana da zafi. A duba ko filogi na ba da wuta. A kalli allurar da ke nuna juyin inji yayin kik, domin a motoci da yawa takan ɗan motsa idan rahoto na isowa. A kasa kunne wajen tanki a ji ko famfo na kuka. Idan famfo na aiki amma babu wuta kuma allura ta kwanta, tanki ba shi da laifi. Wanda ya jira ta huce sannan ya kai ta gareji, lafiyayyiyar mota ya kai, kuma duk abin da aka canja masa za a ce ya yi, har sai ya sake yin rabin sa'a a hanya.

Yanzu ga maganar da na san wasu makanikai ba za su so ji ba. Motar da ta sauka daga jirgin ruwa, abu na farko da ake yi mata a wurare da yawa shi ne a cire tamostat a jefar, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba hutu, wai ai don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi kullum. A injunan Toyota da dama tamostat yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, domin a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki, ko a Kanada yake ko a Maiduguri. Idan babu shi, da safe da kuma a doguwar tafiya ruwa ba ya kaiwa wannan zafi, sensar ruwa ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji bai gama ɗumi ba, ita kuma ta riƙa ƙara mai. Sensar ba ta yi ƙarya ba, gaskiya ta faɗa. Sakamakon shi ne filogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur, baƙin mai ya tsinke. Kuma a injuna da dama tamostat ne ke toshe wata 'yar gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka cire shi yana iya jawo zafin da ake gudu idan aka hau tudu da kaya. Da can da fetur ke da arha ana iya kau da kai. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan ɗabi'a ta koma haraji da mutum ya ɗora wa kansa.

Idan ana zargin ita sensar ruwan, awonta ba wuya. A tsofaffin Toyota, idan inji ya yi sanyi wajen digiri 20 mita takan nuna om dubu biyu zuwa dubu uku, idan ya yi zafi wajen digiri 80 ta sauko zuwa wajen om ɗari uku. A kuma lura, a motoci da yawa na wancan zamani guda biyu ne. Mai waya ɗaya ita ke motsa allurar gaban direba, mai waya biyu ita ke magana da ƙwaƙwalwa. Allura tana iya nuna komai daidai alhali ɗayar tana can tana shirga ƙarya.

Sai batun abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji suka laƙaba wa indomie. Idan aka fasa aka kwashe shi, motar da ke da sensa a bayansa za ta kunna fitilar cek da lambar P0420, kuma ba za ta daina ba. Illar ita ce fitilar ta zama ado. Ranar da wani babban abu ya taso, ba ta da hanyar sanar da kai, tunda dama a kunne take. Wasu ma sukan cire ƙwan fitilar gaba ɗaya kafin su sayar da mota. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba. Dole fitilar cek ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, akwai magana.

Masu tsofaffin Toyota da suka riga wancan soket mai ƙofa 16, su ma ba a bar su a baya ba. A ɗakin inji akwai wani ɗan akwati da aka rubuta sunayen ƙofofinsa a cikin murfi. A haɗa ƙofar TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli, fitilar cek za ta riƙa ƙiftawa. Ƙiftawa biyu, ɗan shiru, sannan biyu, wato 22, da'irar sensar ruwa ke nan. Lamba 12 rahoton juyin inji ne bai iso ba, 41 ta totur ce, 42 ta gudun mota. A rubuta lambar a takarda kafin a cire kan batir, domin cire shi yana goge shaidar.

Waɗannan biyun na ƙarshe, ta totur da ta gudu, su ne gadar da ta haɗa mu da rabi na biyu na sharhin, domin giyabos mai canja kansa da su yake sanin lokacin canja giya. Sensar totur idan ta cinye daga ciki, mota takan riƙa fizga, ko ta buga giya da ƙarfi, ko ta ƙi shiga ta sama. Nan da nan sai a ce giyabos ya tafi, a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman na Beljiyam. Haka nan filogi ko wayarsa da ke tsallake wuta idan an hau tudu, jijjigar da suke kawowa sak take da ta farfela. Kafin a sauke giyabos a zaro sandar awon mansa a duba launi a sansana, a karanta lambobi, a auna sensar totur ana taka ta a hankali a ga ko awon yana hawa sumul ko yana tsalle.

A ɓangaren ƙarafa babu kwamfutar da za ta taimaka, sai kunne da tafin hannu da natsuwa. Idan mota na jijjiga, tambaya ta farko ita ce, jijjigar nan gudun mota take bi ko juyin inji? A sami miƙaƙƙiyar hanya da ba cunkoso, a kai gudun da take farawa, a canja giya ana riƙe da wannan gudun. Idan jijjiga ta canja tare da kukan inji, a koma kan inji da kujerunsa. Idan tana nan yadda take, daga giyabos zuwa ƙasa ne. Sannan a ji irinta. Farfela tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka tata jijjigar siririya ce mai sauri, ana jin ta a daɓen mota da kujera, har madubi ya riƙa rawa. Ta taya kuwa mai nauyi ce, a sitiyari ake jin ta idan ta gaba ce. Gurnanin da ke ƙaruwa idan ka ɗan karkata hagu ya ragu idan ka karkata dama, boris ɗin taya ne. Kukan da ke tashi idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki, haƙoran aksul ne. Ƙas-ƙas-ƙas idan an karya sitiyari ana tafiya a hankali, gwiwar shaf ɗin gaba ce. Ƙarar "kwaram" sau ɗaya duk lokacin da aka tashi daga giyar gaba zuwa ribas, a fara duba kuros ɗin farfela.

Kuros ɗin nan ƙaramin abu ne, amma sakaci da shi yana da tsada. A kama farfela da hannu biyu a murɗa, a girgiza sama da ƙasa. Bai kamata a ji wasa ko kaɗan ba. Jan gari mai kama da tsatsa a gefen kofunansa alama ce ya bushe yana cin kansa. A tsofaffin Land Cruiser da Hilux an sa masa kan nono na ɗura giris, amma sau nawa mai canja baƙin mai yake shiga ƙarƙashi da bindigar giris? Land Rover Discovery ta biyu, ta 1998 zuwa 2004, farfelarta ta gaba tana da gwiwa mai kuros biyu da ba a yi mata wurin giris ba, ga ta kuma kusa da zafin salansa. Takan fara da ɗan tsiwa kamar kukan tsuntsu, idan aka yi biris ta tsinke ana gudu, tana iya fasa jikin giyabos. Wani abin da ake yawan yi kuma, a zare farfela daga inda take zamewa cikin juna a mayar ba a kan saitinta ba. Kunnuwan kuros na gaba da na baya dole su kasance a layi ɗaya. Idan aka kauce da haƙori ɗaya ko biyu, mota za ta fito gareji da sabuwar jijjigar da ba ta shiga da ita ba. Alli ko ɗigon fenti kafin a kwance, shi ke nan maganin.

Ogzilari kuma, akwai wanda ake kashewa da hannun mai shi. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser samfurin 70, idan aka sa su a tayoyi huɗu, farfelar gaba da ta baya a kulle suke, dole su juya daidai wa daida. Amma a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A yashi ko taɓo taya takan ɗan zame ta sauke wannan bambanci. A kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su riƙa murɗa juna, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita. Wanda ya sami kansa a haka kada ya sa ƙarfi, ya yi baya a miƙe 'yan mitoci, sandar za ta saki. Motocin da aka yi su don tafiya da tayoyi huɗu kullum, kamar yawancin samfurin 80, suna da abin da ke raba wannan bambanci a tsakiya, amma shi ma akwai maɓallin kulle shi, kuma dokar kwalta ɗaya ce. Haka nan tayoyi. Sayen taya ɗai-ɗai ta hannu, wannan sabuwa wancan suɗaɗɗiya, wannan lamba kaza wancan wata lambar, yana sa ƙarafan nan cikin wannan murɗar ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Idan kuma an sa ogzilari tayoyin gaba ba su ja ba, a fara da abu mai sauƙi. A leƙa cibiyar tayar gaba, idan mai murɗawa da hannu ce a ga ko duka biyun suna kan kulle. A Pajero, fitilun nan na tayoyi da ke ƙiftawa ba su tsayawa, galibi 'yan maɓallan da ke saman ogzilari ne, ko siraran robobin iska da ke jan aksul ɗin gaba suka tsage. Ga sensa ta sake sa an zargi ƙarfe.

Damina tana da nata rabon. Aksul da ya yi zafi a tafiya idan aka tsunduma shi cikin rafi, iskar cikinsa takan tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa ko ta bakin sil. Bayan an ƙetare ruwa mai zurfi a kwance noti a duba man. Idan ya koma fari-fari mai kauri, a zubar a sa sabo, kafin boris da haƙora su yi tsatsa. Masu yawan shiga ruwa sukan ƙara wa bututun numfashin dogon tiyo su kai shi sama cikin ɗakin inji. A Land Cruiser mai aksul ɗin gaba na ƙarfe ɗaya, a duba ƙwallon nan da ke bayan tayar gaba. Ɗan danshin giris ba komai ba ne. Amma idan baƙin ruwa ne ke tsiyaya har jikin taya, sil ɗin ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris, kuma ƙara giris daga waje ɓata kuɗi ne. Masu Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 masu giyabos mai canja kansa, su kuma nasu ruwan daga cikin gida yake zuwa. Bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto yakan fashe, ruwa ya shiga giyabos. A riƙa buɗe murfin lagireto da safe, inji na sanyi. Idan aka ga ruwan ya yi kauri ya koma ruwan hoda, kada a ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin titi.

Duk wannan dube-dube a ƙarƙashin mota ake yin sa, mota mai nauyin tan biyu ko fiye. Jek kaɗai ba abin dogaro ba ne, a sa mata ƙafafun ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a kuma tokare tayoyi gaba da baya. Giyar fakin da giyar da aka bar mota a ciki, duka ta farfela suke riƙe tayoyi, don haka da an kwance farfela ko an sa ogzilari a firi, sun tashi daga aiki. A tsofaffin Land Rover, irin waɗanda har yau ke hawa tsaunin Mambila da kaya, shi kansa burkin hannu a bayan ogzilari yake, farfela yake kamawa. Wanda ya kwance farfelar baya a kan gangare yana taƙama ya ja burkin hannu, babu abin da ke riƙe da tayoyin da ke kusa da kansa.